Injin Kaji a Bakin Kwalba

Luba, an cire ta! Wallahi an cire ta daga kwalbar, ga ta nan a cinyata, sai wutsil-wutsil take da ƙafa kamar ba ita ba. Kin dai ji an ce na haifi bakwaini, kin ji an ce ta sha da ƙyar, amma yadda aka yi ba ki ji ba, don ni kaina sai a makon nan na ji. Ina can ɗakin asibiti kwance, na zubar da jini ga zazzaɓi, kowa ya leƙo sai ya ce min "lafiya lau take", ashe ana can hankali ya tashi. Injiniya ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin tun daga tushe. Maigidan nawa nake nufi, kin san haka 'yan Yakasai suke kiransa saboda aikinsa na ɗakin kwamfuta a kwaleji. Bari ki ji.

Lokacin marka ake yi. Ruwa ba ya ƙaruwa ba ya tsayawa, lungunan Dukawuya duk sun zama kwata. Likitocin babban asibiti kuma suna yajin aiki, kin san tun da soja suka koma bariki aka ba farar hula mulki, duk wanda ya daɗe yana haɗiye fushinsa ya fito da shi. To sai abin ya faɗo a kanmu. Ba inda za a kai jaririya sai ɗan asibitin haihuwa na Sista Lami da ke Dukawuya, inda aka karɓe ta.

Sista Lami tana da kwalbar jarirai guda ɗaya, tsohuwa. Hitar cikinta tana aiki, amma abin da yake kashe ta da kansa in zafi ya isa ya daɗe da mutuwa. Sai dai mutum ya zauna a gabanta yana kallon ma'aunin zafi, in ya hau ya kashe, in ya sauka ya kunna. Sista ta ce talatin da biyar ake so, kar ya wuce, kar ya gaza sosai. Injiniya da mahaifiyarsa, Inna, su suka riƙa karɓa-karɓa, don Sista ita kaɗai ce a kan masu naƙuda.

Ana haka wata safiya Inna ta tashi yin alwala. Ta ce a ranta gara ta bar shi a kashe kar yarinya ta ƙone. Daga alwala ta ce bari ta yi walaha raka'a biyu. Injiniya yana shigowa ya tarar kwalba ta huce, leɓen yarinya ya yi toka-toka, ko motsin kirki ba ta yi. Da ƙyar Sista ta dawo da ɗuminta. Ba wanda ya ce wa Inna komai. Ita kuwa ta koma gefe ta ɗauki carbinta.

A nan ne ya tuna da akwatin kajinsa. Kin tuna akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da yake soron gidanmu, wanda ya haɗa don aikin gama digirinsa? Tsohuwar kwamfuta ce ke kula da shi. Akwai wani ɗan ƙarfe kamar tsinke da yake jin zafi ya gaya mata, akwai wani makunni da take ba umarni, in ya motsa sai ki ji ƙas, da 'yar jar fitila a jikinsa. Ya ce da wani yaren kwamfuta ya gina abin, Sikim sunansa, a cikinsa kuma ya ƙirƙiri nasa ɗan yaren da kalmomin Hausa. Sai ka rubuta doka a cikin baka-biyu, injin ya karanta, ya tsattsaga ta reshe-reshe kamar bishiya, sa'an nan ya bi rassan yana aikatawa, ya gama ya sake dawowa, yana cikin aiki ma za ka iya canza masa dokar. Ni aji uku na tsaya a sakandare, amma yadda ya yi min bayanin na gane.

Ya lulluɓe kayan da leda ya ɗora a baro, ya turo su cikin ruwan nan tun daga Yakasai, wando a naɗe har gwiwa.

Inna ta dube shi ta dubi baron. Ta ce, "Abdulbaƙi, jikar tawa za ka sa wa injin kaji?"

Ya ce, "Inna, shi ba ya gajiya, ba ya gyangyaɗi."

"Ba ya kuma tashi alwala ko? Faɗi mana, kar ka ji nauyina."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jona wayoyi. Kin san 'yar fari ce, bai kamata ma a ga yana rawar jiki a kanta a gaban Inna ba, sai ya riƙa yi kamar aikin wani aka ba shi.

Sista Lami ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ya nuna mata dokar da ƙwai suka ƙyanƙyashe da ita. Dokar tana cewa ne a ba hita lamba, in zafi ya fi yadda ake so a ba ta sifili, in bai fi ba a ba ta ɗaya.

Ta ce, "Malam, mene ne kuma sifili da ɗaya? Caca muke yi? Ni abin da ba zan iya karantawa ba ba ya kwana a asibitina. In yarinya ta ƙara nauyi ni zan rage zafin, kai kana can kwaleji. Rubuta min da Hausar da uwata ta koya min."

Ya ga gaskiya ta faɗa. Nan take ya ƙara wa yaren nasa kalma biyu, kashe da kunna, ya gwada kowacce ita kaɗai, makunni ya amsa. Ya rubuta sabuwar doka:

(idan (fi zafi 35) (kashe) (kunna))

Sista ta bi da yatsa. "Idan zafi ya fi talatin da biyar, kashe. In ba haka ba, kunna. Yauwa, yanzu ka yi magana."

Aka tayar da janareto aka jona. Jar fitila ta kama, kwalba ta fara ɗumi. Sai dai ya ji makunnin yana wani abu da bai saba ba, ƙas-ƙas, ya ɗan huta, ƙas-ƙas, fitilar tana ƙifta ido. A gurin kaji sau ɗaya yake ƙara in zai canza, daga nan ya yi shiru. Ya ce a ransa wutar janareto ce ba ta da ƙarfi, ko kuma danshin ruwa ne ya shiga. Lamba tana hawa a hankali daga talatin da uku, komai daidai. Aka kira Sista gurin wata mai naƙuda. Shi kuma gajiya ta sakko masa gaba ɗaya. Ya ce wa Inna yanzu ta huta, ba ruwanta da soket. Ya leƙo ɗakina ya ce min an samu mafita, har da murmushinsa. Daga nan ya tsallaka masallacin bakin layi ya yi azahar, aka tsaya gaisawa da masu tambayar mai jego, ruwa kuma ya ɗan tare su a baranda.

Da ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya ji ƙas-ƙas ɗin. Inna tana kan tabarma ta jingina da bango, ido a lumshe, tana jan carbi cikin kwanciyar hankali, ita da aka ce ta huta. Ya kai ido kan kwamfuta.

Talatin da takwas da rabi. Jar fitila a kunne.

Luba, da gudu ya ƙarasa. Ya leƙa cikin kwalba. Yarinya ta yi jawur kamar an watsa mata ruwan zafi, bakinta a buɗe, ƙirjin nan da bai fi tafin hannu ba yana sama yana ƙasa da sauri-sauri, ba kuka, ba komai. Ya fizge wayar hita daga bango har soket ɗin ya biyo ta. Ya manta da Inna a gurin, ya manta da wata kunya, ya ƙwalla ihu, "Sista! 'Yata! Sista!"

Sista Lami ta shigo da safar hannu duk jini. Kallo ɗaya ta yi ta cire safar ta yar, ta buɗe kwalbar, ta ɗauko yarinya a hannu ɗaya. Ta kwance mata ƙyallen jikinta, ta shafa mata ruwa mai ɗan ɗumi da auduga, ta ɗiga mata abin sha da sirinji, tana ta cewa, "Haba 'yar gari, haba ƙawata, ba yanzu ba." Inna ta miƙe tana salati, ta kasa haɗa shi, daga "Innalillahi" sai ta koma farko. Injiniya yana tsaye da waya a hannu yana ƙirga numfashin da ido, in ta ɗan tsaya shi ma nasa ya tsaya.

Can yarinya ta yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Sista ta saki ajiyar zuciya. Da jan jikin ya fara sauka sai ta ce Inna ta kwance gaban rigarta, ta kwantar mata da ita a ƙirji, fata da fata, ta rufa musu zani.

Sa'an nan ta juyo kansa. "Malam, kwashe akwatin kajinka. Yanzu. Da na rasa yarinya a hannuna saboda kai fa? Me zan ce wa uwarta?"

Bai musa ba. Ya durƙusa zai fara zare wayoyi. Sai ya tuna leɓen nan mai toka-toka na safiya. In ya kwashe, an koma hannu ke nan, shi da tsohuwa, ba kwana ɗaya ba, ba biyu ba, sai ranar da yarinya ta yi ƙwari. Wani zai yi gyangyaɗi, dole. Wataƙila ma shi.

Ya ce, "Sista, a ƙirjin Inna za ta iya zama har yaushe?"

"Na ɗan lokaci. Wannan sai ina ganin numfashinta a fili. Ga tsohuwa da tari."

"To ki ba ni wannan ɗan lokacin. Ba zan jona hita ba. In ban ga abin da ya jawo da idona ba, ni da kaina zan kai shi bola."

Mai naƙuda ta yi ƙara daga ɗaya ɗakin. Sista ta harare shi ta fita.

Ya zauna a gaban kwamfuta. Ya fara zargin tsinken jin zafi. Ya tsoma shi a kofin shayin Inna, lamba ta hau, ya gwada da ma'aunin Sista, bakinsu ɗaya. Ya zargi makunni. Ya rubuta kashe ita kaɗai, ƙas, ya mutu. Ya rubuta kunna, ƙas, ya kama. Ya karanta dokar harafi-harafi, ba kuskure. Ya ce to ko wajen tsattsagawa ne injin yake haɗa reshe da reshe? Ya sa kwamfuta ta nuna masa bishiyar. Ga idan a sama, ga rassa uku a ƙasa, tambaya, kashe, kunna, kowanne a gurinsa.

Nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Da ya ga abin da ya lalace da sauƙi. Amma komai lafiya, kuma saura ƙiris ya dafa 'yarsa da hannunsa. Gumi ya riƙa ɗiga a kan madannai alhali garin sanyi. A bayansa Inna ta yi tari, ta danne shi don kar ta girgiza yarinya, ya ji yadda take danne shi.

Ta ce a hankali, "Abdulbaƙi, bar shi haka. Zan zauna. Ko sallah a zaune zan yi."

Bai iya juyowa ba.

Ƙas-ƙas. Tsinke yana cikin shayi mai zafi, hita ba ta jone, amma makunni yana ta abinsa. Ƙas-ƙas. Sai ya daina kallon allon ya saurara. In dai kashewa kawai yake, ai sau ɗaya zai yi ƙara ya yi shiru. Me ya kawo na biyun?

Ya ƙara layi ɗaya a cikin Sikim ɗin, ya ce duk reshen da injin ya taɓa ya rubuta sunansa. Ya saki. Rubutu ya fara gangarowa. Tambaya, gaskiya ne zafi ya fi. Kashe. Kunna. Ya sake dawowa. Tambaya, gaskiya. Kashe. Kunna.

Duka biyun yake yi, Luba! Kamar ki aiki mutum ki ce in ruwa ya tafasa ka janye icen, in bai tafasa ba ka ƙara, shi kuma ya je ya janye, ya mayar ya ƙara, sa'an nan ya tsaya yana duba ko ya tafasa. Tun da kunna ce ta ƙarshe, kullum a kunne ake tashi.

Ya buɗe zuciyar injin, inda ya rubuta yadda za a bi rassa, ya gani da idonsa. Ƙa'idar da ya kafa ita ce, duk baka-biyun da ka tarar, fara aikata duk abin da ke cikinta, sa'an nan ka miƙa wa kalmar da ke gaba. Wannan daidai ne a gurin tarawa da ɗebewa, sai ka san lambobin kafin ka tara. Shi kuma ya ɗauki idan ya jera ta a sahu ɗaya da su. Lokacin kaji ba a gane ba, don rassan sifili ne da ɗaya, lamba kuwa ko ka taɓa ta ba abin da take yi. Yau da ya sa musu aiki a ciki sai asiri ya tonu.

Zai iya komawa dokar kaji, amma Sista ce za ta riƙa taɓa dokar nan in ba ya nan, ramin kuma yana nan a rufe da ciyawa. Ya ciro idan daga sahun, ya yi mata gurinta daban tun kafin a kai ga sauran. A fara amsa tambaya ita kaɗai. In gaskiya ce a bi reshe na farko, in ba haka ba a bi na biyu, wanda ba a zaɓa ba ko kallonsa kar a yi. Layi huɗu ne ko biyar, amma sai da ya yi ta gogewa saboda yatsunsa suna danna abin da bai nufa ba.

Ya tari ruwan indararo a gwangwani ya ajiye kusa da kofin shayi. Tsinke a shayi, ƙas, fitila ta mutu, shiru. Tsinke a ruwan sama, ƙas, ta kama, shiru. Ya yi ta yi har shayin ya huce, ya roƙi wani ruwan zafin.

Sista ta dawo, mai naƙudar ta sauka lafiya. Ya nuna mata rubutun farko da na yanzu, ya faɗa mata komai, bai ɓoye cewa ya ji ƙarar tun farko ya ɗora wa janareto ba.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wato injin naka ɗan siyasa ne. Ya ce wa kashe to, ya ce wa kunna to."

Inna ta ce daga tabarma, "Kuma na ƙarshen shigowa shi ke samu."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Sista ta karɓi tsinken da hannunta ta yi ta tsomawa nan da can kamar mai neman ta kama shi da ƙarya. Ta ce a jona hita, kwalba ba kowa a ciki, ta sa nata ma'aunin. Suka tsaya a kai har aka kira la'asar, yana hawa yana kashewa, yana sauka yana kunnawa. Injiniya a nan gefen ya yi sallarsa, ya ce Allah ya yafe masa, kunnensa na kan makunni.

Tarin Inna ya ƙi dannuwa. Sista ta dubi tsohuwar, ta dubi kwalba, ta ce, "Bismillah. Kawo ta."

Buɗewar da aka yi ta sa zafi ya sauka talatin da huɗu. Aka kwantar da ita aka rufe. Fitila ta kama. Injiniya ya durƙusa a jikin bango ya riƙe wayar hita da hannu biyu, a shirye ya fizge. Ya ce min gwajin da aka yi duk ya goge daga kansa, gani yake yanzu ne injin zai ci amanarsa. Talatin da huɗu da rabi. Yarinya ta motsa hannu. Ruwa na sauka a kan kwano, janareto na kuka, shi bugun zuciyarsa kawai yake ji. Talatin da biyar. Fitila tana nan ja. Inna ta ce "Ya Hayyu", Sista ta ɗaga mata hannu. Lamba ta ɗan gota.

Ƙas.

Fitila ta mutu. Suka jira na biyun. Suka jira. Shiru.

Sai da Sista ta ɓamɓare masa yatsu daga jikin wayar, sun ƙage. Ta ce, "Tashi ka wanke fuskarka, Malam, kar uwarka ta ce ba ka da kunya." Inna kuwa ta juya kai wajen taga kamar ba ta ga hawayen ba. Duk da haka Sista ba ta taɓa yarda a bar kwalbar ba mutum a gabanta ba, ta ce inji ya yi nasa, ido ya yi nasa, har ranar da ta ɗora ta a sikeli ta ce ta isa shan iskar duniya.

To kin ji. Don Allah Luba, ki sa mayafinki ki leƙa Ƙofar Mazugal ki gaya wa Goggo Hassana ta daina kuka, ki biya ki faɗa wa su Uwani da duk 'yan ajinmu na Islamiyya. Ki ce mun koma gida, mai son ganinta ya zo, amma Sista ta ce kowa ya wanke hannu, mai mura kuma ya gaishe mu daga tsakar gida.